Akori-Kura da Masu Jinyarta

A Amurka akwai mutanen da ke sayen tsohuwar akori-kura su zuba mata dukiya don kawai ta durƙusa. A rage mata sifirin, a sauke ta har cikinta ya kusa shafar kwalta, sannan mai ita ya fito da yamma yana tafe a hankali ana kallonsa. 'Yan asalin Meziko mazauna Los Anjalis ne suka yi suna da wannan ado. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 1958 ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya, kuma ba a janye dokar ba sai farkon 2024. Sama da shekara sittin ke nan ana kai ruwa rana da hukuma a kan a bar mota ta yi ƙasa.

Mu nan tsakanin Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta da Gezawa, ba wanda ya taɓa biyan sisi don motarsa ta yi ƙasa. Buhun gero ke yi mana wannan aiki kyauta. Kuɗinmu wajen ɗaga ta suke tafiya.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙasar nan gona a jikin gona take, ba fegin da ake bari ya huta, don haka kowace shekara sai an ciyar da ita taki. Da can jakuna ne ke kai itace birni su komo da taki a mangala. Yanzu rabin wannan wahala ta koma kan akori-kura: ta kwaso taki da rani, ta kai hatsi Dawanau da kaka, ta ɗauko albasa da tumatir daga fadamar Watari, ran Lahadi ta cika da awaki da masu awakin sai kasuwar Dambatta. Akwai tsofaffin Hilux da Nissan, amma uwar tafiya ita ce Pijo 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968. Masana'antar Pijo ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma sai a 2006 aka daina haɗa 504 a can, bayan Faransawan da kansu sun daɗe da mantawa da ita. Wato autar cikinsu ma ta isa aure. Wanda ya mallaki ɗaya, majinyaci gare shi, kuma masu jinya iri-iri ne.

Akwai magaji. Shi bai sayi mota ba, gado ya ci. Tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida a kan bulo huɗu, kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba, yara sun mai da bodin wurin wasan 'yar ɓuya. In ka tambaye shi sai ya ce, "Bana dai in Allah ya kai mu kaka, tashi za ta yi." Kaka ta zo, hatsi ya yi arha. Bazara ta zo, akwai auren ƙanwa. Damina ta faɗi, kuɗi sun tafi takin zamani. Ka ce to ya sayar mana, nan take fuska ta canza: "Motar Baba ce fa. Da ita aka ɗauko jeren innata." Duk wata sai ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallon inji, ya gyaɗa kai, ya rufe. A wajensa gyara ke nan.

Wanda bai ci gado ba kuma sai ya faɗa hannun dillali. Dillalin akori-kura bai taɓa sayar da motar da ta yi aiki ba. Kowacce ta wata ma'aikatar gona ce da aka ajiye a inuwa, kuma rantsuwarsa ɗaya: "Wallahi Alhaji, injin nan ba a taɓa kwance shi ba." Alhali kawunan notocin duk sun goge saboda cizon sifana. Kafin ka iso ya riga ya ɗumama ta, ya ɗura mata baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa, kuma ko ina kuka yi alkawarin haɗuwa, za ka tarar da ita a kan gangara, hancinta na kallon ƙasa. Ka lura da wannan gangarar. Ita ce batirin motar.

Amma sarkin masu jinya, wanda ya kamata a tsaya a kansa, shi ne mai ƙarin sifirin. Sifirin na bayan akori-kura faffaɗan ƙarafa ne da aka jera kan juna aka ɗaure, kuma masu ƙera ta sun auna su ne don kayan da bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba, wato buhu goma ko sha biyu na kilo ɗari-ɗari. A ganin mutumin namu wannan lissafin raggo ne. Ranar da mota ta shigo hannunsa, kafin ya duba mai, kafin ya duba ruwa, ya hau mota sai kasuwar Ƙofar Ruwa. Can zai tsugunna cikin tarin ƙarafa yana ƙwanƙwasa sifirin na wata babbar mota da ta riga mu gidan gaskiya, yana saurare kamar mai sayen tukunya. Ya ɗauko, mai walda ya yanke daidai, a cusa biyu nan, biyu can, a nemo dogayen ƙusoshi a ɗaure. Mota ta sauko daga jak, gindi a sama, fitilu na haska ƙasa. Ya ja da baya ya dube ta, ya ce, "Yanzu ta zama mota."

In ba kaya, wanda ya shiga bayanta ya shiga uku. Ba ta lanƙwasa ko kaɗan, kowane rami kai tsaye yake isa ƙugu, tsohuwar da aka rage wa hanya za ta sauka tana salati. Amma ai ba don tsofaffi aka yi ƙarin ba. Ranar lodi za a jera buhu ashirin, a ce akwai sauran wuri, a ƙara biyar, masu hatsin su hau bisa hatsinsu, a miƙa wa na ƙarshe akuya ya rungume. Sai ga ta ta dawo ƙasa, ƙasa ma fiye da da. Abin da bai taɓa shiga lissafinsa ba shi ne nauyi ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa. Sifirin ya daina karyewa, sai casis ya tsage, ko boris ya ƙone, ko taya ta fashe a tsakiyar rana. Birki kuwa yana nan yadda aka yi shi don buhu goma.

"Oga, birkin nan fa sai an taka sau uku," in ji yaron mota.

"To ka taɓa ganin na taka sau biyu na tsaya? Ina wejinka?"

Weji guntun icce ne da yaro ke riƙe da shi a hannu. Mota na rage gudu zai dira ya cusa shi ƙarƙashin taya. A motoci da yawa shi ne ɓangaren da ya fi kowanne lafiya.

Mai fenti shi da inji ba sa ga maciji. Kuɗin da ya tara don a yi ringi sai ya kai wa mai feshi, mota ta fito shuɗiya shar, da fitilu ja da kore, da tuntaye a madubi, da hon mai kukan tirela. A bayan bodi an rubuta da manyan baƙaƙe, "Hassada ga mai rabo taki." Taki kuwa shi take ɗauka. Sai dai ba kowa ke iya karanta rubutun ba, don hayaƙi ya rufe shi.

Wanda nake girmamawa a cikinsu, tsakani da Allah, shi ne mai roba da waya. Wannan bai san hanyar shagon kayan gyara ba. Tankin mai ya tsage, ya murza sabulu ya liƙe. Fam ya mutu, ya ɗaure galan a sama ya saƙalo tiyo zuwa kafireta, mai ya riƙa gangarowa da kansa. Ƙofa ta ƙi rufuwa, ya sa an yi mata waldar sakata irin ta ɗakin kwana, da kwaɗonta. Makulli ya ɓace tun zamanin mulkin soja, wayoyi biyu yake haɗawa su yi tartsatsi. Gilashi da filaya ake ɗaga shi, filayar kuma ɗaya ce, sai a miƙa wa fasinja in ya gama ya dawo da ita. Duk abin da ya yi motsi alhali bai kamata ba, robar tib na jiransa. Ɓarawo ba ya kusantar motarsa, don ko an bar masa ita a kunne ba zai kai bakin titi ba: giya ta biyu sai an ɗaga sanda an karkata ta hagu an kira sunan Allah. Tun da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, ya daina sanin gidan mai, kwalba-kwalba yake saye wajen 'yan bumburutu, ya kuma ɗauki ɗabi'ar kashe inji a gangara. Matsalar ita ce ƙasar tamu shimfiɗaɗɗiya ce. Gangarar da yake kashe inji dominta, in ka zuba ruwa a kanta sai ya tsaya yana shawara.

Ƙaninsa shi ne mai haɗe-haɗe, wanda motarsa Pijo ce a takarda kawai. Inji ɗan Beljiyam daga wata mota, lagireto daga wata, kujera daga bas, sitiyari ba wanda ya san asalinsa. In ya je sayen kaya aka ce wace mota ce, sai ya ce, "Wane ɓangaren?"

Kwanan nan kuma an samu sabon shiga, ɗan zamani. Yaro ne ya dawo hutu daga makaranta, ya ga motocin Amurkan nan a TikTok, ya lallaɓa ya karɓi akori-kurar gida da sunan zai kai ta wanki. Ya kai ta gareji ya ce a zare sifirin uku-uku. Bakanike ya tambaye shi sau biyu ko ƙarawa yake nufi. Aka zare, aka sa faffaɗan tayoyi na hannu, ta kwanta luf. A kan kwalta abin ya yi kyau, ba ƙarya. Daga inda ya saki titi ya shiga burtali labari ya sha bamban, domin hanyar ƙauye rami biyu ce da tudun yashi a tsakiya. Salansa ce ta fara sauka. Kafin a kai gonar liman mota ta hau tudun ta zauna, tayoyi na juyawa a banza, sai da aka kwanto shanun huɗa suka jawo ta har ƙofar gida. Uban ya fito daga zaure ya zagaya ta, ya leƙa bodi.

"Kai, me aka ɗora mata?"

"Ba komai, Baba. Yayi ne."

"Ba komai ta kwanta haka. To in an ɗora fa?"

Washegari aka mayar da ukun, aka ƙara biyu.

Duk waɗannan a gareji ɗaya suke haɗuwa, gaban bakanike mai kalma ɗaya, "jibi". A gefensa akwai benci, a kan bencin akwai 'yan shawara, waɗanda ko keke ba su da shi amma daga jin tari sun san ciwon. Ɗaya ya ce fulogi ne, ɗaya ya ce kafireta, na uku ya ce sammu ne, a nemo malam. Shayin da za su sha kuma mai mota ne zai biya.

Ba a cika lissafa uwargida cikin masu gyaran mota ba, alhali da jarinta ake yi. Tunkiyar da ta yi shekara tana kiwo, da kwasar adashinta, da kuɗin ƙuli-ƙuli, duk an ranta "zuwa ran kasuwa". Ita kaɗai ce a gidan ta san abin da motar ta ci, har da ranar da aka karɓa da wanda aka aiko.

"Malam, ina maganar tunkiyata?"

"Haba Hajiya, ai tana nan. Tana cikin giyabos."

"To a gaishe ta. In ta haihu, 'ya'yan nawa ne."

Ranar da mota ta tashi kuwa, gidan gaba nata ne zuwa kowane biki da suna, amarya ta hau baya. Wannan hukunci ko alƙali bai isa ya taɓa shi ba.

Akwai kuma wanda ba ya gyara, ba ya shawara, ba ya gaggawa: ɗan gwangwan. Duk wata zai biyo da kurarsa da sikelinsa, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, ya mai jiki?" Idonsa na kan motar, yana auna ta kilo-kilo a zuci. Shi kaɗai ne ke murna da ƙarin sifirin fiye da mai motar, don ƙarfe ne mai nauyi.

Ni dai ban ga laifin mai jinyar tsohuwar mota ba. Sabuwar Hilux ta fi ƙarfin manomin da gonarsa ba ta wuce kadada ɗaya ko biyu ba, kuma ba don waɗannan tsofaffin ba da albasa da yawa ta ruɓe a bakin fadama. Roƙona ga masu ƙarin sifirin ne: a cikin kuɗin ƙarfe huɗun nan, a rage na ɗaya a sayi takalmin birki da man birki, a duba tayar gaba. Kai kuma mai karatu, in ka tarar da ɗayarsu ran Lahadi a hanyar Dambatta, gindi a ƙasa, mutane a bisa buhu, yaro riƙe da weji, kada ka bi ta a gindi, kada kuma ka tsaya a gabanta.