Mazhabobin Masu Motar Ƙawa a Lokacin Hunturu

Sanannen abu ne ga duk wanda ya zauna tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi cewa idan watan Nuwamba ya tsaya, aka kai gero rumbu, aka shiga yankan dawa, iskar arewa maso gabas kuma ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ɗauke da ƙura, to babu mahaluƙi, mai rai ko maras rai, da zai kuɓuta daga hukuncinta har Fabrairu ya wuce. Amma a cikin dukkan waɗanda wannan hukunci ke hawa kansu ban ga wanda jarrabawarsa ta kai ta mai motar ƙawa ba, wato irin gajeriyar motar nan mai ƙofa biyu wadda cikinta ke neman shafar ƙasa, da aka ƙera don tsere a titunan Jamus, ƙaddara ta biyo da ita ta Kwatano har ta sauke ta a gindin dutse. Ita dai wannan mota ba ta ɗaukar buhun masara, ba ta ɗaukar uwargida da yara zuwa suna, amfaninta ɗaya ne tak, a gan ta. Shi kuwa hunturu lokaci ne da hazo ke hana gani, har ja da baƙa da shuɗiya duk su wayi gari da launi guda. A kan yadda za a yi da wannan musiba ne ma'abota motocin suka yi saɓani, suka rarrabu mazhaba-mazhaba, kowa da hujjarsa.

Mazhabar farko, wadda ta fi tsanani, ita ce ta killacewa. Shugabanta dattijo ne mai natsuwa, wanda da zarar ya ji leɓɓansa sun fara bushewa sai ya sa a wanke motar, a shigar da ita rumfa, a lulluɓe ta da tamfol kamar amarya a lalle, a danne gefunan da bulo, sa'an nan ya yi wa yaran gida wa'adi mai tsanani cewa wanda duk ya ɗaga ko da kusurwa ɗaya zai gamu da shi. Daga ranar nan sai ka riƙa ganinsa a bayan ɗan acaɓa, ya naɗe babbar riga a cinya, ƙurar da ya tsare wa mota tana sauka a gemunsa, yana kuwa cikin farin ciki, domin a wurinsa gemu ana wanke shi da buta ɗaya, fenti kuwa sai an je Kano. Abin da bai lissafa ba shi ne rumfa mai duhu da ɗumi a lokacin ɗari ba ta rasa masu neman mafaka. Ɓera ya tare a gefen inji da iyalinsa, yana karatun wayoyi ɗaya bayan ɗaya; kaza ta sami ƙarƙashin salansa ta yi kwanci; batir yana tsiyayar da ƙarfinsa a hankali ko da ba a taɓa makulli ba; tayoyi suna saki, gefen da ke ɗauke da nauyi yana lotsawa; man da ke cikin tanki kuma yana tsufa. Ranar da aka yaye tamfol, bayan wata uku ko huɗu, sai a tarar da mota tana ƙyalli, babu ƙwarzane ko ɗaya, illa dai ba ta tashi.

Wajibi ne in faɗi, don adalci, cewa wannan mazhaba ta yi mabiya da yawa tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka cire tallafin mai, sai dai galibinsu sun shige ta ne da baki kawai: in ka tambayi ɗayansu, "Alhaji, ina mutuniyar?" sai ya dubi sama ya ce ai ƙurar bana ta yi yawa, alhali kuwa tun cikin damina motar ke kwance. Akwai kuma wanda ya ɓoye tasa saboda halin da hanyoyin yankin nan suka shiga na rashin tsaro, ya gwammace kada a san shi da abin hannu. Wannan ba ya cikin waɗanda muke wa dariya.

Daga cikin masu killacewa wani reshe ya ɓalle, ya ce ajiye mota ba tare da ɗumama ta ba bidi'a ce. Mai wannan ra'ayi ba ya fita da ita, amma kullum bayan sallar asuba, lokacin da maƙwabta suka koma cikin bargo don su ɗan rage, sai ya tayar da ita ya yi ta taka totur har tagogin unguwa su ɗauki rawa, ya kashe, ya rufe, ya tafi wurin mai shayi yana mai jin ya sauke farali.

Mazhaba ta biyu ta masu waswasi ce, kuma ita na fi tausayi. Wannan bawan Allah ya yarda a fita da mota, amma bai yarda ƙura ta kwana a kanta ba, ko ta yini, ko ma ta zauna gwargwadon gaisuwa. Saboda haka tsumma ba ya rabuwa da aljihunsa, in ya tsaya sayen goro ya goge, in ya fito daga masallaci ya goge, in kuna magana da shi idonsa na kan murfin inji, sai ka ga ya katse maka zance ya je ya share wani wuri da kai ba ka ga komai ba. Bai sani ba, ko kuwa ya sani waswasi ya rinjaye shi, cewa ƙurar hunturu ƙasa ce niƙaƙƙiya, wanda kuwa ya murza ta a busasshen fenti da busasshen tsumma ya yi wa motarsa abin da kafinta ke yi wa katako. Shi ya sa kafin bazara in rana ta haska ta sai ka ga da'ira-da'ira a jikinta. In an yi masa nasiha ya koma ga ruwa, sai 'yan garuwa su san ƙofar gidansa fiye da ta kowa, domin ko da yake madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983, tana nan kwance kudu da Dutsin-Ma, kusantar ruwa da samun ruwa a ƙofar gida mas'aloli ne biyu mabambanta. Babban abokin gabarsa kuwa yaro ne ɗan firamare, wanda ba ya iya wuce gilashi mai ƙura bai rubuta masa "a wanke ni" da ɗan yatsa ba.

Sai kuma matashi mai buɗaɗɗen sama. Irinsa ya fara yawaita ne bayan 2011, da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, samari suka riƙa zuwa daga manyan birane, wani da jaka, wani da motar da mahaifinsa ya gaji da ita. Aƙidarsa ita ce motar da aka yi wa rufi mai naɗewa, rufe ta zalunci ne. Don haka da sanyin safiya, sa'ad da tsofaffi ke kewaye da wutar kara sun miƙa tafukan hannu, sai ga shi ya ratsa gari kansa a waje, da baƙin tabarau da kiɗa, haƙoransa na haɗuwa amma fuskarsa na nuna jin daɗi. Kafin ya kai Kurfi girarsa ta yi fari, gashinsa ya yi furfurar da bai yi shekarun samunta ba, har wata tsohuwa mai ƙosai ta rusuna ta ce masa, "Sannu da hanya, Baba." Mako guda bayan haka za ka same shi a kantin magani yana neman abin mura da murya irin ta wanda ya kwana yana waƙar biki.

Wanda ba na iya yi wa uzuri shi ne mai gudu cikin hazo. Hujjarsa wai an rubuta lamba mai yawa a agogon gudu, barinta ba a kai ba kuwa almubazzaranci ne. Hanyar da ta fito daga Katsina ta ratsa Kurfi ta nufi Dutsin-Ma, musamman ranar Laraba da kasuwa ke ci, hanya ce ta jama'a duka: ga amalanken shanu da lodin kara wanda faɗinsa ya fi na amalanken, ga jakuna, ga garken Fulani mai tsallakawa ba da izinin kowa ba, ga babur ɗauke da mutum uku da tunkiya. Shi kuwa sai ya kunna babbar fitila, wadda a cikin hazo ba ta ƙara komai sai farin bango a gabansa, domin hasken ƙura yake bugu ya dawo masa ido. Mai hankali ƙaramar fitila yake kunnawa ya rage tafiya. Allah da ikonsa, abin da ke ladabtar da shi ba hukuma ba ce, tudun nan ne da mutanen kowane ƙauye ke ginawa a kan kwalta don rage gudu. A nan za ka ga jarumin da ya wuce ka ɗazu kamar walƙiya ya tsaya cik, ya sauke abokinsa don mota ta ɗan ɗaga, ya karkace ta yana hawa taya ɗaya-ɗaya, cikinta na kuka, amalanken da ya yi wa ham a baya kuma ya zo ya wuce shi, mai shanun ya ce, "Sannu, ranka ya daɗe," ba tare da ya yi murmushi ba, wanda hakan ya fi dariya ciwo.

Akwai kuma malamin da ya taɓa yin kwas a Ingila, wanda ya dawo da fiƙihun hunturun can yana son ya zartar da shi a nan. Gaskiya ne abin da yake faɗi, cewa Turawa suna ajiye irin waɗannan motoci ne saboda gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfe da tsatsa, suna kuma sauya tayoyi, suna jona batir da ƙaramar caja har bazara. Da ma ya leƙa ƙarƙashin tasa, da ya ga shaidar gishirin nan tun daga ƙasar da ta fito. Sai dai ilminsa bai kai ga matatar iska ba, wadda ita ce ke shan wahalar hunturunmu, ta toshe har mota ta riƙa shan mai tana nishi. Bai kuma san bakanikensa ya daɗe da cire ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi ba, bisa ijma'in kanikawan ƙasar nan cewa ba a yi shi don ƙasar zafi ba, shi ya sa hitar da yake alfahari da ita iskar sanyi take hura masa har ya kusa isa.

Duk waɗannan mazhabobi suna da mufti guda, ba shi kuwa da ko keke. Mazauninsa bencin mai shayi, hular sanyi har kunne, ya san shekarar kowace mota da kuɗin da aka saye ta da abin da ke damunta, fatawarsa kuma ba ta sauyawa: tun da aka daina harhaɗa 504 a Kaduna ba a sake yin mota ba. In motar ƙawa ta ƙi tashi da sassafe, shi ne na farko da zai ajiye kofi ya tara matasa a tura; su tura ta daga bakin masallaci har gidan mai, su dawo da ita, su sake, gumi na keto musu cikin ɗari, mai ita na ciki yana riƙe da sitiyari cikin haiba. Sai da kowa ya gaji sa'an nan wani direban Golf mai lodin Katsina zai leƙo ya ce, "Malam, ai wannan otomatik ce, ko Kankara kuka kai ta ba ta tashi da turi," ya ciro batirinsa mai ɗaure da tsumman roba ya ara musu, bisa sharaɗin a yi sauri, fasinjojinsa sun cika saura mutum ɗaya.