Zuwa Ga Bawana Bahaɗeje, Sabon Shugaban Kwamitin Lafiya

Bawana Bahaɗeje, gaisuwa daga ubangidanka na Katsina ɗakin kara. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa jaridar nan, don ƙarnin tarwaɗa ba ya sakin mutum da wuri.

Labari ya iske ni cewa mutanen garinku sun taru a ƙofar dagaci sun ɗora maka shugabancin kwamitin raya mazaɓa, wato kai ne za ka riƙa sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi na garin. Ban yi mamaki ba. Gari ne na Haɗejawa zalla, kuma ko cikin bayi dole a fitar da sarkin bayi. Abin da ya ba ni dariya shi ne jawabinka na kama aiki. An ce ka sha babbar riga, ka karkata hula, ka yi alkawarin asibiti mai hawa biyu da motar ɗaukar marasa lafiya mai jiniya, da allo a bakin titi ɗauke da sunanka. Kai bawa, zauna ka ji. Abin da ke kwantar da mutanen garinku yana yawo ne a kwata da rijiya da bakin kogi, kuma babu ruwansa da bene.

Ku Haɗejawa kun iya alfahari da tarihi, kuma ba na musa muku. Sarki Buhari ya gagari Sakkwato. A 1906 Sarki Muhammadu Mai Shahada ya tsaya wa Turawa har ya rasa ransa. To jikokin waɗannan mazaje ne yau sauro ke kora cikin ɗaki tun magariba. Dalili kuwa kai ka san shi. Gwamnati ta raba gidan sauro mai magani kyauta, aka wayi gari rabinsa ya koma bakin kogi ana kamun ƙananan karfasa da shi, sauran kuma an kewaye irin tattasai da barkono don kada akuya ta ci. Tattasai na barci cikin raga, yaro na barci a fili. Aikinka na farko ke nan, ranka ya daɗe shugaba: ka bi gida-gida da masu unguwanni, a ga raga a rataye bisa shimfiɗar mai ciki da ta yara. Sannan in damina ta kankama, masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro za su zo. Ana ba yara ne daga 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a wata har wata huɗu, kowane zagaye kwana uku a jere. Ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, sauran kwana biyun a hannun uwa suke, kuma a nan ake yin sakaci, a tura ƙwayar ƙarƙashin katifa a manta. Ka tuna musu cikin huɗubar Juma'a da wurin suna. Tun 2013 aka fara wannan rabo a Katsina, ka ga ko a nan ma ubangida ne ya sha kafin bawa.

Sai kogin da kuke taƙama da shi. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwan ta sauya, kachalla ta cike hanyoyinsa, ruwa ya riƙa kwanciya inda da yake gudu. Ƙara da magudanan noman rani na wajen Auyo. Ruwa mai kwanciya kuwa shi ne gidan 'yar katantanwar da ke goyon tsutsar tsargiya. Yaro ya shiga wanka ko su, tsutsar ta huda fata ta shige, bayan 'yan watanni ya fara fitsarin jini. Sai ka ji dattijo na murmushi yana cewa yaro ya fara zama namiji. Wane irin namiji? Jini ne yake zuba daga mafitsara, yaro ya yi ta ramewa, karatu ya gagara, in abin ya daɗe ya taɓa ƙoda. Maganinta praziquantel ne, ana kai shi makarantu kyauta, ana auna tsayin yaro da sanda a ba shi daidai kimarsa bayan ya ci abinci. Ranar rabon ka tabbata almajiran tsangaya da 'ya'yan masunta da ba sa zuwa boko sun samu, domin su ne suka fi kowa zama cikin ruwa. Kuma a hana fitsari a kogi, don ta nan ƙwan tsutsar ke komawa wurin katantanwa.

Yanzu zan faɗi abin da ke min ɗaci, ka buɗe kunne don ba zan maimaita ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili, duk ƙananan hukumominta 27. Bayinmu sun riga kowa. Na yarda, na jinjina, amma kada ka yi saurin gyara hula. Takardar shaida tana Dutse cikin firam, masai kuwa yana garinku, kuma kusan kowace damina ambaliya sai ta rusa wasu. Wanda nasa ya rufta bai sake haƙawa ba, ina kake zaton yake zuwa da asuba? Ka tuna 2021, shekarar da amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan ta kashe sama da 3,000, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Saboda haka da ruwa ya janye a yi gayya, a sake tona masai, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, a yi masa murfi, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofa. Rijiya a ɗaga mata baki, a ware mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Ruwan randa a tafasa ko a sa masa maganin kulorin, domin alif laka kawai yake kwantarwa. Kowace uwa kuma ta haddace haɗin nan: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A yi ta ɗura wa mai gudawa ana kan hanyar asibiti. Na san ku da sukari, kada a mayar da shi shayin majalisa.

Tunda na ambaci majalisa, mu taɓo ku manya. Kuna wuni kan benci, shayi uku-uku, miya ta sha dunƙule da gishiri, kifi soyayye ya bi baya. In dattijo ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce iska ce ta buge shi. Hawan jini ne ya daɗe yana aiki ba a auna ba. Na'urar awonsa ba ta kai kuɗin rigar da ka sa ranar naɗi ba. Kwamiti ya sayi guda, ma'aikacin lafiya ya zauna da ita a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, ko ranar kasuwa. Kai za a fara aunawa, don na ga tumbin.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, ana jiran maigida ya dawo daga fadama ya ba da izini, in ya dawo a shiga neman mota, in an samu mota a shiga neman kuɗin mai. Ƙarshenta ko a rasa ta, ko a rasa ɗan, ko ta tashi da yoyon fitsari. Masu irin wannan lalura ne ake yi wa aiki a Jahun wajenku da Babbar Ruga wajenmu, ka ga wannan kuka namu ne baki ɗaya. Jiharku ta ɓullo da shirin Haihuwa Lafiya zamanin Sule Lamido don maganin wannan jinkiri. Ka raya irinsa a garinku. Magidanta su ba da izini tun ranar da aka fara zuwa awo. A ware direbobi biyu ko uku na tasha da kowa ya san lambarsu, a yi asusun gaggawa kamar adashe a hannun amintacce, ungozoma kuma ta zama mai rakiya zuwa asibiti da zarar ta ga jini ko jijjiga ko kumburin fuska. Tsohuwar motar tasha da ke tashi ƙarfe biyun dare ta fi mai jiniya da ke cikin alkawari.

Saura maganar da na san ita ta sa ka sayi sabon biro. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana faɗawa kai tsaye asusun asibitin mazaɓa da ke cikin tsarin. Shugaban kwamiti irinka yana cikin masu sa hannu. Bawa, hannun nan amana ne. Kafin ka rattaba, ka leƙa ɗakin magani ka ƙirga da idonka, ka taɓa firjin allurar rigakafi ka ji ko da sanyi, ka duba wa ke kwana a bakin aiki. Abin da ya shigo da abin da aka kashe a rubuta a manna a bango, kowa ya karanta. Ma'aikaciyar da aka turo daga nesa ku sama mata ɗaki mai kyau da ruwa, domin wadda ba ta da wurin kwana ba za ta karɓi haihuwar dare ba.

Na san amsar da kake shiryawa. Za ka ce Bakatsine ya fara cire yaransa daga tamowa kafin ya yi wa wani wa'azi. Ka rubuto, filin nan a buɗe yake, zan karɓa da hannu biyu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma kafin nan ka tuɓe babbar rigar, ka kira taron masu unguwanni da limamai da shugabar mata da sarkin ruwa a makon nan, ku raba aikin kwata da masai da rijiya tun ruwa bai sauko ba. Bayan kaka zan aiko a duba min. In na ji ƙananan yara sun ƙetare damina lafiya, zan yi shawarar 'yanta ka. In kuwa allon sunanka kawai aka tarar, to ka shirya kwandon bandar kifi, harajin ubangida ya ninka.