Wasiƙa Zuwa Ga Takin Gwamnati

Ranka ya daɗe, Takin Gwamnati,

Da fatan kana lafiya a duk siton da aka kulle ka. Manoman fadamar Argungu suna gaishe ka, haka na Zauro da Ambursa, kodayake yawancinsu a rediyo suka san ka.

Mu dai ba mu manta alheri ba. A 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan gona, ka koyi aiko saƙo ta waya: buhu biyu a rabin kuɗi. Mai waya da caji da sabis ya gan ka, sauran suka ji labari. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, ka shigo mana da rigar bashi, kai da iri da injin ban ruwa. Shinkafa kuwa ta yi albarka, har Legas ta ƙulla da Kebbi aka fito da Lake Rice a 2016, WACOT ta buɗe masana'antarta a Argungu a 2017. Da aka yi yarjejeniya da Maroko, aka yanka maka farashi naira 5,500. Yau idan tsoho ya faɗi wannan kuɗi, jikokinsa tatsuniya suke ɗauka. Sai ambaliyar 2020 ta zo ta shanye gonaki. Shinkafa ta nutse, bashin ya iya ruwa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranka ya daɗe, shinkafa ba ta san kwamiti ba. Kamfa take so wajen dashe, yuriya kuma idan ta fara 'ya'ya, a ƙara mata kafin ta yi ciki. Ba ta jiran a gyara rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya iso. Kai kuwa sai ta fid da kai muke jin jiniyarka. Me za mu yi da kai a lokacin? Mu zuba wa tsuntsaye?

Tafiyarka ma abin mamaki ce. Kana barin gaban kyamara cikin tireloli, ka sauka ƙaramar hukuma a 'yan motoci, ka isa mazaɓa a bayan babur. Kafin ka kai rumfar zaɓe ka rame, sai a zauna a raba ka da mudu, ana rantse-rantse. Ranar kasuwa kuma sai mu tarar da kai a shagon dillali, ƙato, cike da lafiya, da rubutu a ƙirjinka wai ba na sayarwa ba ne. Wa ya kai ka can? Ko da ƙafarka ka je?

Kada ka ce ƙaranci ne. Tun 2022 masana'antar Dangote da ke Lekki take da ƙarfin fitar da yuriya tan miliyan 3 a shekara, ana loda ta a jirgi har Brazil. A Maris 2024 Babban Banki ya miƙa wa ma'aikatar gona buhu miliyan 2.15. Amma ka zama giwan ruwan Matan Fada: ana ɗaga ka sama ranar bikin kamun kifi, a tafa, a ɗauki hoto, mai rabo ɗaya ya tafi da kai. Ga shi tun 29 ga Mayu 2023 fetur ya yi mana tsada, kuɗin da za mu saye ka a kasuwa injin ban ruwa ke shanye su.

Roƙonmu ɗaya ne: bana ka riga dashen rani isowa. Ba sai da makaɗa ba, kuma mun yafe jawabi. Idan sai da kati ake ganinka, ka aiko mana da sunan jam'iyyar da kake karɓa, don a gidanmu akwai na kowacce.

Naka mai jira,
Wani manomin fadama, Argungu.