Tanar da ke cikin kashin doki

Taubashi,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dokin Kawu, wanda kowa ya san ya fi ka gata a gidan nan. Labari ya iso mini cewa kana ta ba majalisa dariya, wai Turawan Kanada sun zare, suna bin barga-barga suna roƙon kashin doki mai tsutsa don su shuka wiwi a bayan gida. Rabin maganarka gaskiya ce. Tun ranar 17 ga Oktoba 2018 doka ta halatta wiwi a ƙasar nan, kuma a lardin Ontariyo kowane gida yana iya shuka tushe huɗu, ko da yake lardin Kebek ya hana shukar gida. Kar ka kuskura ka ce na aiko maka da dabarar nomanta, don a wajenku haramun ce a doka, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba ta san wasan taubashi ba. Inda ka yi kure shi ne wajen tsutsar, kuma a kanta nake so mu yi ta, domin tumatirinka da attaruhunka na fadama ne za su ci ribar maganar.

Abin da suke nema sunanta tana. Ba tsutsar ƙuda ba ce, ba gwazarma ba ce, ba kuma macijin cikin doki ba. Wata siririyar jar tana ce da ba ta damu da nitsawa can ƙasa ba, rayuwarta duk a juji take. Ga dalilin da ya sa ganinta ke faranta ran manomi. Doki ba ya tuƙa kamar saniya, don haka kashinsa yakan fito da ciyawa rabi a narke, da irin ciyayi masu rai, ga kaifin fitsari. Ka zuba shi ɗanye a gindin shuka, ya ƙone saiwa. Idan kuwa aka tara shi tuli guda da ɗan laima, sai ya ɗauki zafi har digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Tana ba ta iya zama a wannan wuta, da zafi ya haura 35 sai ta gudu ko ta mutu, kuma warin ɗanyen fitsari guba ne gare ta. Sai tulin ya huce take shiga, saɓanin kai da ke sa hannu a malmala tana tururi. Saboda haka duk takin da ka tona ka ga tana tana iyo a ciki, ta shaida maka cewa kaifinsa ya mutu, saiwa za ta iya zama inda ta zauna. Masu wiwin nan ba su da damar kuskure, lokacinsu daga ƙarshen Mayu ne zuwa Oktoba kafin ƙanƙara ta sauko, shi ya sa suke mutunta wannan shaida.

Na san abin da za ka ce: abin da ke cin taki ai zai ci saiwa. Tana ba ta da haƙori, abin da ya riga ya ruɓe take haɗiya, ta fitar da shi baƙi, lallausa, mai riƙe ruwa. Charles Darwin da kansa littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, a kan aikin tana ya rubuta shi. Kuma ka rage mata raini, ita ma 'yar ci-rani ce: ƙanƙarar zamanin dā ta shafe tanar yawancin Kanada, galibin waɗanda ake gani yau daga Turai suka biyo baƙi. Za ka kuma ce buhun takin zamani ya fi sauri. Ya fi, ban musa ba, kashin doki bai kai shi ƙarfi ba ko kusa. Amma buhu shuka yake ciyarwa kaka ɗaya, ya bar rairayi a rairayinsa. Manoman kewayen Kano da suka daɗe suna ɗora mangalar taki a kan jaki daga birni zuwa gona ba su jira wani ya koya musu wannan ba.

Sai dai shaidar tana tana da iyaka, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Tulin da bai taɓa yin zafi ba ma tana za ta shiga, irin ciyawa na nan da ransa, noma ya ƙaru maka. Abin da ya fi wannan muni shi ne maganin feshin ciyawa. Akwai wani mai suna aminopyralid da ake fesa wa makiyaya, doki ya ci harawar, maganin ya ratsa cikinsa ya fito bai mutu ba. A 2008 ya lalata lambuna da yawa a Ingila, ganyen tumatir da wake da dankali suka murɗe, alhali tana ba ta jin komai a irin wannan taki. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: cika tukunya biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya haɗe da takin, ka shuka wake a kowace, ka jira sati uku ka kwatanta ganye. Sannan ka tuna zafin bazararku ba na Ontariyo ba ne, tuli a rana tsaka ba zai riƙe tana ba, sai a inuwa, a rufe da kara ko tsohon buhu, ana yayyafa ruwa.

Doki guda yana zubar da kusan kilo 20 a yini, to lissafa abin da ake sharewa daga turken Kawu tsakanin ƙaramar Salla da babba. Ka ɗauki kwando ka je ka nemi izininsa tun kafin maƙwabta su riga ka. Ka gaida Inna da Kawu, ka ce wa yara tsarabarsu na hanya, taka kuwa sai na ga hoton waken nan.

Naka,
Taubashinka na Ontariyo