Gwanayen Ruwa a Ƙasar da Ba Teku

A Dakar, inda ƙasar Senegal ta yi tsini cikin teku, samari na hawan igiyar ruwa bisa allo a Ngor da Almadies, kowa ya san inda igiya ke tashi da inda duwatsu ke laɓe. Mu kuwa a Lafani, kafin mu ga teku sai mun bi sabon titin Illela zuwa Badagry, kilomita 1,068, in Allah Ya sa an gama shi. Rabonmu shi ne kududdufan damina da tafkin Kalmalo, masu batsewa a watan Agusta, su janye da rani su bar wa 'yan lambu fadama. Ruwan kaɗan ne, gwanayen ne suka yi yawa.

Na farko shi ne ɗan cin rani. Ya taɓa sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, wai har ya shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay ya ga masu hawan igiya. Yana zuwa bakin tafki sai ya taɓe baki: "Wanga ruwa ne? Ai a Ikko da irinsa ake alwala." Duk shekara igiyar labarinsa sai ta ƙara kamu biyu. Har yau ba wanda ya taɓa ganin bakin wandonsa a jiƙe.

Sai masanin hadari. Shi ke duban gabas ya ce iska za ta kaɗa ruwa kafin la'asar. Ya san gefen da laka ke cafke ƙafa, da ramin da aka haƙa don tubali, da lungun matsattsaku. In hadarin ya zo, ya ce dama ya faɗa. In ya watse, ya ce mutanen Ƙwanni na tsallaken iyaka ne suka janye shi.

Akwai mai jarka. Kakanninsa da gora suke iyo, irin wanda masunta ke hawa a Matan Fada tun kafin a fara bikin Argungu a 1934. Shi jarkar fetur ya samu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kasuwar tsallaka iyaka ta ja baya, jarka ta koma aikin ruwa. Yana rungume da ita yana kirari, sai murfi ya kwance, kirari ya koma salati.

Ga kuma mai dukan ruwa. Hannu na aiki, ƙafa na aiki, kumfa na tashi, kowa na kauce masa. Bayan ya gaji ya miƙe tsaye, sai a ga ruwan iyakarsa cibiya, kuma inda ya fara nan ya ƙare.

Kada a manta ɗan kabu-kabu. Shi ba iyo ya kawo shi ba, babur ya tura cikin tafki zai wanke. Amma shi ne alƙalin gasa, shi ke cewa wane ya iya, wane bai iya ba, yayin da baƙin mai ke malala zuwa inda shanu ke sha.

Sai ɗan satar hanya, wanda aka aika awo ya ɓulle tafki. Ya shanya wando, ya shafa ƙasa a ƙafa, ya koma gida: "Inna, wallahi ko kusa ban je ba." Jajayen idanu da fururun jiki sun riga sun ba da shaida. In ma ya tsira da bulala, tsargiya ba ta karɓar rantsuwa. Tana fitowa daga ƙananan katantanwa na ruwan kwance, bayan makonni jini ya bayyana a fitsari, a nufi asibiti.

Na zamani shi ne mai waya. Ya zo ɗaukar bidiyon TikTok, layinsa na tsalle tsakanin Najeriya da Nijar. Yaro na shan ruwa, shi yana cewa: "Ɗan sake nutsewa, ban ɗauka da kyau ba."

Can gefe akwai dattijon Basarke, yana gyaran koma bai ce uffan ba. Shi kaɗai ya san zurfin tafkin da ƙirjinsa. An ce iya ruwa fid da kai, amma shi fid da wasu ya zame masa aiki. In ihu ya tashi, "Baba, a taimaka!", shi ke faɗawa ya jawo mai jarka da jarkarsa. Kafin ya matse riga, ɗan cin rani ya riga ya tara mutane yana nuna musu kuskuren da tsohon ya yi wajen iyo.