Ashirin a Hannu: Rabe-raben Masu Gardamar Wot a Ɗan Issa

Kartar Whot, wadda bakin Bahaushe ya mayar wot, kwali ne mai kati 54. Wani Baturen Ingila, William Henry Storey, shi ya ƙirƙiro ta a 1935. A ƙasar haihuwarta an kusa mantawa da ita, amma a Najeriya ta samu gindin zama, daga can kuma ta biyo direbobi da ƴan kasuwa ta tsallako iyaka. Ɗan Issa, cikin yankin Madarunfa, yana kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Jibiya zuwa Katsina, don haka a fadojin samarin garin ana samun ta a kan tabarma ɗaya da butar shayi da kartar Faransa.

Siffofinta biyar ne: bol, angul, kuros, kafet da sita. Bol da angul kati goma sha biyu-biyu ne, kuros da kafet tara-tara, sita bakwai. Babu 6, babu 9. A wasan da aka saba, 1 tana tsayar da kowa mai ita ya sake sakawa, 2 tana sa na gaba ya ɗebi biyu, 5 ya ɗebi uku, 8 ta tsallake shi, 14 kuwa ta kora kowa kasuwa, wato tulin katin da ke kife a tsakiya. Sauran biyar ɗin su ne 20, masu sunan wasan. Ashirin tana hawa kan kowane kati, mai ita kuma ya nemi siffar da ya ga dama. Ƙarfinta ke nan. Rauninta shi ne in wani ya riga ka ƙarewa aka zo ƙirga, ita kaɗai maki ashirin ce a wuyanka. Bayanin katin bai wuce haka ba, kuma ana gama shi kafin shayin farko ya tafasa. Gardamarsa ce ke kaiwa shayi na uku, masu yin ta kuma iri-iri ne.

Na farko shi ne Ma'aji. A wurinsa Ashirin dukiya ce, dukiya kuwa ba a taɓa ta. Yana tura ta can bayan sauran katunan, ya danne da babban yatsa, lokaci-lokaci ya ɗan zame ta ya leƙa ko tana nan. Za a nemi kuros, ba shi da kuros, sai ya miƙa hannu kasuwa. A sake zagayowa, ya sake zuwa kasuwa. In aka ce, "Alhaji, ai kana da ita, ka saka mana," sai ya girgiza kai: "Bari dai, lokacinta bai yi ba." Lokacin nata yakan zo ne daidai sa'ad da wani ya buga katinsa na ƙarshe, a buɗe hannun Alhaji a tarar da Ashirin biyu suna kwance, maki arba'in cif. Irin wannan mutum ne ya kulle buhunan shinkafa lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, yana jiran farashi ya ƙara hawa, har aka fara buɗewa a Disambar 2020 yana jira. Duk da haka shi ne ya fi kowa yabon katin. Bai taɓa ganin aikinsa ba, shi ya sa bai taɓa ganin aibinsa ba.

Kishiyarsa shi ne Sha-yanzu, galibi ɗan kabu-kabu da ya jingine babur don hannu ɗaya tak. Ra'ayinsa, Ashirin garwashi ce, mai hankali ba ya riƙe ta. Tana shigowa hannunsa yake maka ta da ƙarfi har kofunan shayi su yi ƙara, ya daka tsawa, "Kafet!" Sai bayan an zagayo kansa zai duba ya ga ashe kafet ɗin da ya hango angul ce.

Ɗan canji ba ya yabo, ba ya kushe, lissafi yake. Ya san cewa 8 guda uku ce kawai a kwali, a bol da angul da sita, 14 kuma huɗu ce don sita ba ta da ita. Ya san sita ninki biyu ake ƙirga ta, saboda haka 8 ta sita maki 16 ce, 7 ɗinta 14. Daga nan yake kafa hujjarsa: masu tsoron Ashirin tsoron banza suke, ga 8 ta sita nan da ta kusa kai ta nauyi alhali ba ta buɗe ƙofa ko ɗaya. A ganinsa darajar Ashirin kamar naira ce a gaban sefa, ta safe daban, ta yamma daban. Farkon wasa, hannu cike, ba ta da wani amfani. In kati ya rage biyu, ta fi doki. In wani ya riga ya ce "las kad", wato kati ɗaya ya rage masa, ta zama bashi. Gaskiya ce tsantsa, kuma a duk fadar babu wanda ya kai shi fahimtar katin. Abin da ke kayar da shi kullum abu ɗaya ne: yana tsakiyar ƙirga kuros nawa suka fita, sai ya manta bai furta "las kad" ba, a tura shi kasuwa.

Wanda ya fi kowa cin lokacin jama'a shi ne Lauyan iyaka. Wot ba ta da hukuma, kowace majalisa da ƙa'idarta, kuma tambayoyi biyu ne ba a taɓa rufewa ba. Shin Ashirin tana tare 2, ta hana mutum ɗibar biyu? Shin ana ƙare wasa da ita? Wasu wuraren an yarda, wasu an hana. Lauya ya san duka biyun, ya kuma san wadda ta dace da abin da ke hannunsa. In an jefo masa 2 yana riƙe da Ashirin, sai ya dire ta: "A Jibiya haka aka yi, ku tambayi kowa." Bayan hannu biyu, in shi ya jefa 2 wani ya tare, sai ya ɗaga yatsa: "A'a, yaya, nan Nijar muke. Wagga doka ta tsaya Magama, bakin iyaka." Ya tsallaka iyaka sau shida a zama ɗaya bai tashi daga tabarma ba, babu jami'in duwan da ya tambaye shi takarda. Shaidunsa kullum direbobi ne, kuma kullum sun tafi Katsina tun da safe. Maganinsa ɗaya ne, a yanke ƙa'ida kafin rabo. Ko da an yi hakan, zai ce lokacin yana waya.

Akwai kuma Mushe, malamin lakwal ko ma'aikacin da aka turo daga wani gari, wanda bai ɗauki wot a bakin komai ba. Wasansa bilot, ta Faransa, mai kati 32 da maki 162 a kowane rabo, biyu da biyu suna fuskantar juna. Yana shiga gardamar ne don ya nuna cewa tambayar ma ba ta da kai. A bilot, in ji shi, bawa maki 2 ne, amma in siffarsa ce ke mulki sai ya koma 20, tara kuma daga babu ta koma 14. Wannan shi ne kati mai daraja, wanda ya san lokacin da yake sarauta da lokacin da yake talauci, ba wata Ashirin da ke bin kowa kamar ɗan maula ba. Bayan wannan lacca yakan karɓi kati "don a cika hannu", ya sha kaye, ya ce dama wasan yara ne.

Ɗan kallo ba ya wasa. Ba a taɓa ganin kati a hannunsa ba, wuyansa ne dai ya yi tsawo saboda leƙe. Yana tsugune bayan mutum biyu a lokaci ɗaya, kuma fuskarsa jarida ce: in ya ce "kash", kowa ya san ba kuros a wancan hannun, in ya yi murmushi ya gyara hula, Ashirin ta sauka. Hukuncinsa a kan katin ba ya kuskure, don sai an ƙirga yake yanke shi.

Sabon shiga a jerin shi ne Mai waya, ɗalibin da ya dawo hutu. Shi ke kawo labarin cewa a Amurka da Japan akwai kartar da ake tarawa kamar dabbobi, Magic: The Gathering da Richard Garfield ya fitar a 1993, da Pokémon ta 1996, inda kowa ke sayen katunansa ya haɗa kwalinsa, kamfani kuma ya haramta katin da ƙarfinsa ya yi yawa. Har akwai kati guda da aka saya kan miliyoyin daloli. A nan sai an tsaya an tantance, domin dala a Maraɗi sefa biyar ce. Da aka tabbatar ta Amurka ake nufi, Ma'aji ya ƙara danne tasa da yatsa. Shawarar Mai waya ita ce a cire Ashirin gaba ɗaya a huta. Wannan ne kaɗai batun da sauran duka suke haɗa baki a kai, su ce ya koma makaranta.

Mai zargin rabo yana kallon bayan kati ne, ba gabansa ba, kuma a nan yana da hujja. Kwalin fada yakan shekara yana aiki. Ashirin ɗaya kunnenta ya lanƙwashe, ɗaya tana da tabon shayi, ɗaya an like ta da salatif, don haka tun tana kasuwa kowa ya gane ta, har akan ga mutum uku suna neman dalilin zuwa ɗiba. Katin da ƙarfinsa ke cikin ɓoyo, ga shi an san shi kamar ɗan maigari.

Dattijon da ke wucewa masallaci ra'ayinsa gajere ne: duk katin rauni ne, tunda ƙanin caca ne. Yakan tsaya ya yi faɗa, samari su ce, "Baba, ba kuɗi a ciki." Sai ya leƙa hannun na kusa da shi, ya yi tsaki, ya ce, "Kai ma dai, angul za ka nema," ya wuce.

Na ƙarshe shi ne mai dafa shayi, ƙaramin fada, wanda ba a tambayar ra'ayinsa. Ɗan canji ya sha ƙirga kwalin ya samu 53, ya kuma sha rantsuwa cewa Ashirin huɗu kaɗai ke fitowa, aka zargi Ma'aji, aka zazzage aljihun Lauya. Ta biyar ɗin tana wurin yaron tun damina. Ya ninka ta biyu, da ita yake kama hannun buta in ta yi zafi.