Masu Kawo Gyara

A Turai har wanki inji ne ke busar da shi, ran da ya tsaya kuwa gida ya rikice. A Sabon Birni da Isa rana ta ɗauke mana wannan nauyin, balle da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Namu masu juyawa su ne fanka, injin niƙa da famfon ban ruwa na fadamun Rima da Bunsuru. Ciwonsu ba shi da yawa, kuma inji ba ya ɓoye abin da ke damunsa. Masu injin su ne aiki.

Ga Malam Ban-taɓa-ba. Tun kafin sallama ya fara rantsuwa: "Wallahi haka nan ya tsaya." A buɗe, noti uku babu, waya an naɗe ta da leda. Ɗansa da ya ɗauko kayan sai ya ce, "Baba, ba jiya ka sa wuƙa ba?" Daga ranar an daina zuwa da yaron.

Sai Alhaji Likita, wanda ke zuwa da hukuncinsa a aljihu: koyil ne ya ƙone, a sake naɗi. Mai gyara ya jona wuta, fanka ta yi gurnani ba ta motsa ba, ya tura ta da yatsa ta kama gudu. Yaron shago ma ya san kafasita ce ta mutu, ita ce ke ba inji turin farko, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Nan fa ran Alhaji ya ɓaci. Mutum mai daraja irinsa, a ce ɗan wannan abin ne ya hana shi barci? Sai ya shinshina koyil da hancinsa, bai ji ƙauri ba, ya biya yana ƙunƙuni kamar wanda aka ci da yaƙi.

Mai haƙuri ya fi ba ni tausayi. Tun damina boris ke kuka, yana ɗiga masa man gyaɗa. Ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama laka, boris ya cije, koyil ya ƙone. Shi ƙauri ke riga shi isowa shago.

Akwai mai son naɗin jan ƙarfe a farashin alminiyam. Akwai baƙon Maraɗi da ke lissafi da sefa yana murmushi, don ya san yadda naira ta koma.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023 wani sabon iri ya ɓullo, mai famfon sola. Ya ce famfo ya rage ruwa, an cuce shi. A je gona, faranti ya sha ƙura har ana iya rubuta suna a kai.

'Yan benci kuwa ba su kawo komai ba sai shawara, kuma guda ce kullum: "A ɗan buga shi."

Mai gyaran ma ba waliyyi ba ne. A Ibadan ya koyi aiki wajen Bayarabe, taubashin Gobirawa, ya dawo da gwaninta da kalma biyu: "Dawo gobe."

Kai dai mai karatu, in injinka ya yi gurnani bai juya ba, kashe wuta nan take, kada ka sa yatsa a bakin kafasita don tana riƙe wuta, sannan ka gaya wa mai gyara gaskiya.